Shin Hoton Tauraron Ɗan'adam Zai Iya Faɗin Yawan Ruwan da Gona Ta Sha?

Wani injiniya mai kula da rabon ruwa a wani babban filin noman rani ya turo mini tambaya. Ya ce ya ji ana cewa yanzu daga hoton tauraron ɗan'adam ana iya sanin yawan ruwan da amfanin gona yake sha, ba tare da an taka gonar ba. Yana so ya san ko gaskiya ne, ta yaya ake yi, kuma ko zai iya dogara da shi wajen raba ruwa, tunda kullum manoman ƙarshen kanal suna kukan ruwa ba ya kai musu, na bakin kanal kuma suna rantsuwa ba su ɗebi fiye da rabonsu ba.

Malam Injiniya, abin da ka ji gaskiya ne, kuma an fi shekara ashirin ana aiki da shi. Amma kafin mu shiga yadda ake yi, ina so ka riƙe abu guda, domin a kansa mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Ruwan da ka saki daga dam daban, ruwan da gona ta sha daban. Tauraro na biyun yake aunawa. Idan ka buɗe ƙofa ruwa ya shiga fangali, wani zai nutse ya wuce saiwa ya koma cikin ƙasa, wani zai malale ya bi magudana ya faɗa rafi, wani kuma zai tashi sama ya zama tururi. Na farko da na biyu ba su ɓace ba: mai rijiya a ƙasa da kai zai same su, ko mai gona a gaba. Wanda ya tashi sama shi ne ya fita daga hannun kowa a wannan kwari. Shi muke nufi idan muka ce ruwan da gona ta sha, kuma shi ne masana suke taƙaitawa da haruffa biyu, ET.

Wannan ruwa ta hanya biyu yake tashi. Akwai wanda rana take busarwa kai tsaye daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ko daga saman ruwan da ke kwance. Akwai kuma wanda shuka take zuƙa ta saiwa ta fitar ta wasu 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da ke jikin ganye, wanda ni nake kira gumin shuka. Kusan duk ruwan da shuka ta zuƙa ta nan yake fita. Abin da take riƙewa a jikinta bai taka kara ya karya ba. Ana auna jimillar da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama. Lissafin da ya kamata ya zauna maka a ka shi ne: milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000, wato abin da injiniyoyi kuke kira kubik mita 10. A ce masara tana shan milimita 6 a rana lokacin da take fitar da bunu, to kowace hekta tana aika lita 60,000 sama a yini guda. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa masara tana bukatar milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon yanayin wuri. Idan ka tuna cewa noma ne yake ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da 'yan'adam suke ɗiba daga koguna, tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, za ka gane dalilin da ya sa aka damu da wannan lissafi.

To tururi ba a ganinsa a hoto. Abin da tauraro yake gani alamunsa ne, kuma alamun biyu ne.

Ta farko ita ce yawan ganye. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, wanda yake dab da ja a jerin launuka. Na'urar tauraro tana auna su biyun, a kwatanta, a fitar da lamba da ake kira NDVI. Fili fetal lambarsa ƙasa take, gonar da ta rufe ƙasa ruf lambarta tana kusantar 1. Daga nan sai a haɗa da tsohuwar hanyar da FAO ta tsara a takardarta mai lamba 56 ta shekarar 1998. A wannan hanya ana fara lissafa ƙishirwar iska ta wannan rana: da a ce akwai gajeriyar ciyawa mai tsawon santimita 12 da ba ta rasa ruwa ba, nawa za ta sha? Ana samun amsar daga zafin rana, ɗumin iska, laimarta da gudunta, ta wani lissafi mai ɗauke da sunan masana biyu, Penman da Monteith. Sai a ninka da wata lamba ta amfanin da aka shuka. Masara, misali, lambarta kusan 0.3 ce tana jaririya, ta kai 1.2 idan ta cika. Da can daga littafi ake ɗauko wannan lamba, a ɗauka kowace gona ta bi tsarin littafin. Yanzu hoton yana nuna ainihin yadda ganyen kowace gona yake, wadda aka shuka da wuri da wadda aka makara, wadda ta samu taki da wadda ba ta samu ba.

Wannan hanya tana da sauƙi, kuma taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, na biyu a 2017, sun dace da ita sosai: kowane ɗigon hotonsu mita 10 ne a kan mita 10, suna dawowa kan wuri duk kwana 5, kuma kyauta ne. Sai dai tana da makanta guda. Shuka tana iya jin ƙishirwa ta rufe ƙofofin ganyenta, ta rage sha sosai, amma ganyen yana nan kore shar na kwanaki. Lissafin zai ce tana sha kamar kullum, alhali kuwa ta ja baya. Haka kuma ba ta ganin ruwan da ke tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan an yi ban-ruwa, musamman lokacin da shuka take ƙarama.

Alama ta biyu ita ce zafi, kuma a nan ne ni nake ganin kyawun wannan ilimi yake. Duk wanda ya taɓa yin gumi iska ta buso shi ya ji sanyi ya riga ya san tushen abin. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya ci zafi, kuma ba kaɗan ba: kowace lita tana cin kusan megajul 2.45 (megajul ma'aunin yawan ƙarfin zafi ne). Saboda haka gonar da take gumi sosai saman ta da sanyi yake, wadda ta rasa ruwa kuma sai ta ɗau zafi. Masana sai suka mayar da abin lissafin shige da fice, irin na ɗan kasuwa. Ƙarfin rana da ya sauka a fili ya zauna, an san shi daga hoto da bayanan yanayi. Wani kaso ya shiga ɗumama ƙasa. Wani ya shiga ɗumama iskar da ke bisa gonar. Abin da ya yi saura babu inda zai je sai busar da ruwa. A cire biyun farko daga jimilla, a raba saura da 2.45, an samu lita.

Wahalar tana wajen kason da ya shiga ɗumama iska, domin kuskuren digiri ɗaya ko biyu a zafin da tauraro ya auna yana iya karkatar da amsar. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Wim Bastiaanssen, shi ya fito da dabara mai kyau a tsarinsa na SEBAL da aka wallafa a 1998. A cikin hoton sai a nemo wurare biyu. Ɗaya mafi sanyi, gona mai cikakken ganye da ta ƙoshi da ruwa, inda aka san sha ya kai maƙura. Ɗaya mafi zafi, busasshen fili da babu abin da ke tashi daga gare shi. Sauran gonaki duka sai a jera su tsakanin waɗannan biyun. Ko da na'urar ta ɗan yi kuskure, kuskuren ya shafi duka hoton, ba zai ɓata jeren ba. Daga baya Richard Allen na Jami'ar Idaho a Amurka, wanda shi ne ma jagoran marubutan takardar FAO ta 56, ya gina a kan wannan ya fitar da METRIC, inda ya ɗaure lissafin da bayanan tashar yanayi ta ƙasa. Wannan ɗaurin yana da muhimmanci a busassun wurare, inda iska mai zafi take tasowa daga fako ta ratsa gonakin ban-ruwa, ta ƙara musu sha fiye da abin da hasken rana kaɗai zai bayar. Hukumar ruwa ta jihar Idaho ta daɗe tana amfani da wannan tsari wajen lissafin haƙƙin ruwa da na ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Tauraron da ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki shi ne Landsat na Amurka. An harba na farko a 1972. Waɗanda suke aiki yanzu su ne Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021, suna shawagi a nisan kilomita 705, kowanne yana ɗaukar faɗin kilomita 185, yana dawowa kan wuri duk kwana 16. Idan aka haɗa su biyun, duk kwana 8. Tun 2008 hotunan suka zama kyauta ga kowa, kuma wannan shawara ita ta buɗe ƙofar ga ƙasashen da ba su da kuɗin saye. Wani abin da ba kowa ya sani ba: da farko an tsara Landsat 8 ba tare da na'urar auna zafi ba, masu kula da ruwa na jihohin yammacin Amurka suna cikin waɗanda suka matsa har aka saka ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda abokan aikinka na can suka ɗauki abin.

Ba lalle sai ka yi lissafin da kanka ba. FAO tana da rumbun bayanai da ake kira WaPOR, wanda aka buɗe a 2017 da tallafin gwamnatin Holan, ya fara da Afirka da Gabas ta Tsakiya, yana ba da ƙiyasin ruwan da aka sha duk kwana goma, haɗe da ƙiyasin yawan tsiron da aka samu. A Amurka akwai OpenET da aka buɗe a 2021 domin jihohin yamma 17, wanda yake gudanar da tsare-tsare shida daban-daban a kan gona guda ya fitar da matsakaicinsu. Ka lura da wannan: shida. Da akwai guda ɗaya da ba ya kuskure, da ba a wahalar da kai da sauran biyar ba.

Yanzu ga inda nake so ka yi taka-tsantsan, domin haƙƙin mutane ne a hannunka.

Girman ɗigo shi ne na farko. Na'urar zafi ta Landsat 8 da 9 tana gani ne da ɗigo mai mita 100 a kan mita 100, wato hekta guda cur, ko da yake ana tace shi a miƙa maka kamar na mita 30. Idan gonakin manomanka rubu'in hekta ne, to ɗigo ɗaya ya haɗa gonar mutum huɗu, da hanya, da gefen kanal, wataƙila da bishiya. Lambar da za ka gani ba ta kowa ba ce a cikinsu. Na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua tana ɗaukar hoto kullum, amma ɗigon zafinta kilomita guda ne, ta dace da lissafin kwari gaba ɗaya, ba gona ba. Akwai dabarun haɗa zafin wannan da kaifin hoton wancan, kuma suna taimakawa, amma ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙiyasi.

Sai lokaci. Landsat yana wucewa ne da hantsi, wajen ƙarfe goma, ya ɗauki hoto na ƙiftawar ido. Daga wannan ake miƙa lissafi ya cika yini, daga yinin kuma a cike kwanakin da ke tsakanin hoto da hoto. Idan gajimare ya rufe ranar da ya wuce, an rasa wannan zagaye, domin na'urar zafi ba ta ratsa gajimare. Da damina za ka iya yin wata guda ko fiye babu hoto mai tsabta. Ƙura da hayaƙi ma suna rage ingancinsa. Sa'ar da aka yi, lokacin da aka fi bukatar lissafin, wato rani, shi ne lokacin da sama ta fi washewa. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne, lambar rana guda a gona guda tana iya kaucewa sosai, ta wata guda ta fi ta, ta kaka guda a kan babban yanki kuma ita ce abin dogaro, saboda kurakuran sama da na ƙasa suna cinye juna.

Tauraro kuma bai san daga ina ruwan ya zo ba. Ko na sama ne, ko na kanal, ko na rijiyar burtsatse, ko kuwa laimar da saiwa ta tarar a ƙasa, duk ɗaya ne a wurinsa. Idan kana son sanin na ban-ruwa kaɗai, sai ka cire ruwan saman da ya zauna a ƙasa, kuma wannan ma ƙiyasi ne. Haka nan bai san abin da aka shuka ba sai an gaya masa. Ciyawar da ta cika magudana tana gumi kamar shinkafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saurin yanke hukunci daga launi. Na taɓa duba taswirar wani fili inda wani yanki ya fito ja wur, alamar ƙarancin sha, kowa ya ce ruwa ne ba ya kaiwa. Da aka je, ruwa yana kaiwa har yana kwanciya. Gishiri ne ya taso ya hana shukar zuƙa. Da an bi taswirar an ƙara musu ruwa ba tare da gyara magudanar fitar da shi ba, da an ƙara dagula ƙasar. Cuta, ƙarancin taki, makarar shuka, duk suna iya ba da irin wannan launi. Hoton yana nuna maka inda za ka je ka duba, dalilin kuma sai ka tsaya a bakin fangali ka tambayi mai gonar.

Duk da haka, ga tambayarka ta bakin kanal da ƙarshensa, da wuya ka samu abin da ya fi wannan amfani. Ba ka bukatar lambar ta zama daidai har milimita, kwatanci kake nema, kuma a kwatanci tauraro yake da ƙarfi, tunda da ma'auni ɗaya ya auna kowa a sa'a ɗaya. Ka zana iyakar yankin da kowane reshen kanal yake shayarwa. Ka ɗauko jimillar ruwan da kowane yanki ya sha a kakar rani uku ko huɗu da suka wuce, tunda tsofaffin hotuna suna nan ajiye. Ka kwatanta iri ɗaya da iri ɗaya, alkama da alkama, shinkafa da shinkafa. Idan shekara bayan shekara sha yana raguwa daga baki zuwa ƙarshe, manoman ƙarshe gaskiya suke faɗa, kuma yanzu kana da hujjar da za ka ajiye a gaban taro wadda ba bakin wani ba ce. Idan kuma ka ga kore mai sanyi a wajen iyakar filin da tsakiyar rani, inda babu wanda aka rubuta wa ruwa, ka san akwai inda ake zarewa.

Amfanin yana ninkuwa idan ka haɗa shi da ma'aunin ƙasa. A ce wani reshe yana shayar da hekta 200, ma'aunin ƙofarsa ya nuna an saki kubik mita miliyan 2 a kaka, tauraro kuma ya ce gonakin sun sha milimita 550, wato kubik mita miliyan 1.1. Saura dubu 900 ina suka tafi? Ko kanal yana yoyo, ko ana cika fangali fiye da kima, ko ana barin ruwa yana gudu da dare. Tauraro shi kaɗai ba zai haifar da wannan tambaya ba, ma'aunin ƙofa shi kaɗai ma haka. Don haka kada wani ya ce maka tunda hoto ya zo an huta da gyaran ma'aunai da tashar yanayi. Lissafin ƙishirwar iska daga tashar yake fitowa, kuma tashar da aka kafa a kan busasshen fili ko kusa da gini tana ba da lamba mai yawa fiye da gaskiya. Masu bincike suna gwada sakamakon tauraro ne da na'urori na ƙasa, irin babban akwatin ƙasa da shuka da ake ɗorawa a kan sikeli, ko hasumiyar da ke auna tururin da iska take ɗauka. Kai ba ka bukatar waɗannan. Ma'aunin kanal mai gaskiya da littafin da ake rubutawa kullum sun ishe ka farawa.

Sauran dubu 900 ɗin nan kuma, kada ka yi gaggawar kiransu asara. A nan ne abin da na fara da shi yake dawowa. Wurare da dama a duniya an kashe kuɗi an koma ban-ruwa na ɗigo da na feshi da niyyar tanadin ruwa, ruwan da ake ɗiba ya ragu, amma wanda ake sha ya ƙaru, saboda shuka ta samu ruwa a kan kari ta ƙara ganye, manomi kuma ya faɗaɗa gona da abin da ya rage. Wanda ya ji a jikinsa shi ne na ƙasa, wanda da malalar nan yake rayuwa. Ma'aunin ƙofa zai nuna an yi nasara. Taswirar ET ce za ta nuna cewa kwarin ya ƙara rasa ruwa. Saboda haka kafin ka toshe kowane yoyo, ka bi sawun ruwan ka ga ko rijiyoyin manoman ƙarshen kanal ɗin nan da shi suke cika.

Game da raba ruwa gona-gona ko cajin manomi bisa lambar tauraro, shawarata ka dakata. Ka fara da matakin reshe, inda ɗigo ɗari ko fiye suke cikin kowane yanki. Kakar farko ka bar rabon yadda yake, ka tara lambobin sama da na ƙofa gefe da gefe, ka kai taswirar wurin shugabannin ƙungiyar manoma su nuna maka inda ta dace da abin da suka sani da inda ta saɓa. Inda ta saɓa, ka sa a duba iyakar da aka zana, da irin da aka rubuta an shuka, da ranakun da gajimare ya rufe, domin mafi yawan lokuta a ɗaya daga cikin ukun nan kuskuren yake. A kaka ta biyu sai ka fara gyara kwanakin buɗe ƙofofi, reshe ɗaya ko biyu tukuna, ka ga ko launin ƙarshen kanal ya sauya.